Neman gano ayarin jiragen sauke dakaru daga tsofaffin hotuna biyu na Yaƙin Duniya na Biyu

Jikan Tsohon Soja ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu bibiyar tarihin soja. Ina da tsofaffin hotuna guda biyu marasa launi waɗanda muka samu cikin takardun kakanmu, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi aikin soja a yaƙin Bama. Ina neman taimakon duk wanda ya san hanyar da ake bi a gano ayarin da jirgin da ke ciki yake, da wurin da aka ɗauki hotunan, da kuma lokacin.

Hoto na farko yana nuna wani ƙaramin jirgin ruwa mai shimfiɗaɗɗen ciki wanda bai taso sosai daga saman ruwa ba, ya kafa hancinsa cikin laka a bakin wani rafi. An saukar da wata siririyar ƙofa a gabansa ta zama gada, sojoji baƙar fata kuma suna hawa ɗaya bayan ɗaya, kowa da malafa mai faɗin baki, wasu da kaya a ka. Daga can baya akwai itatuwa masu duhu waɗanda saiwoyinsu suka fito fili daga cikin ruwa. A gefen hancin jirgin ana iya karanta haruffan LCA, sai lambobi huɗu a jere, ta farkonsu 1 ce, amma wata igiya da ke rataye ta rufe ta ƙarshen, ta ukun ma ba ta fito sosai ba. A dantsen sojan da ya fi kusa da mai ɗaukar hoton akwai wani tambari da ban gane ba: layi biyu sun gitta juna, da wani abu mai kama da zobe a tsakiyarsu.

Hoto na biyu na Turawa ne guda huɗu, suna tsaye da gajerun wanduna da huluna masu laushi da duhu waɗanda suka karkatar gefe guda. A bayan hoton an rubuta suna da fensir, sai haruffan PLY/X da lambobi shida, sai kuma HMS Braganza. Ban kawo sunan a nan ba domin mai yiwuwa iyalinsa na raye kuma ban nemi izininsu ba. Na bincika jerin jiragen yaƙin Birtaniya ban ga wani mai suna Braganza da ya shiga yaƙin Bama ba. Shin waɗannan huɗun su ne matuƙan jirgin da ke hoto na farko? Kuma lambar da ke hancinsa za ta iya kai ni ga ayarinsu?

Mai Binciken Kundaye ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa kakanku. Bayanin da ka yi wa jirgin ya dace da haruffan da ka karanta, wannan kuwa abu ne mai muhimmanci, domin sau da yawa mutane kan ga kowane ƙaramin jirgin sauke dakaru su ce na Higgins ne, wato ƙirar Amurka. LCA jirgin Birtaniya ne, kamfanin Thornycroft ya tsara shi gab da soma yaƙin, tsawonsa ƙafa 41 da rabi, faɗinsa ƙafa 10, jikinsa katako ne da aka lulluɓe da farantan sulke, injuna biyu na Ford V8 masu shan fetur ke tura shi. Yakan ɗauki sojoji kimanin 35 a zaune a kan benci uku, ma'aikatansa kuma huɗu ne: matuƙi, da mai kula da inji, da wasu biyu masu kula da igiya da ƙofa da bindiga. Alamarsa mafi fitowa ita ce wadda ka ambata, wato ƙofar gaban siririya ce, bayanta kuma akwai wasu ƙofofin ƙarfe biyu da ake buɗewa kafin a fita. Na Amurka, wato LCVP da Andrew Higgins ya ƙera a New Orleans, tsawonsa ƙafa 36 ne da ɗan kai, ya fi tasowa daga ruwa, ƙofarsa ta kusa cika faɗin gaban jirgin, matuƙinsa kuma yana can baya. Idan ka duba hotonka da kyau za ka iya ganin ɗan akwatin sulke na matuƙi a gaba ta hannun dama, domin haka aka yi wa yawancin LCA da aka ƙera daga baya.

Sai batun lamba, kuma a nan ne masu bincike da yawa ke ɓata. Lambar da ke hancin LCA ta jikin jirgin ce shi kaɗai, ba ta ayari ba ce. An ƙera kusan 2,000 daga cikinsu, kowanne da tasa lambar, saboda haka lambobi huɗu da suka fara da 1 suna nuna cewa naka yana cikin na baya-baya. Ayarin kuwa yana da tasa lambar daban, wadda galibi ba a rubuta ta a jikin jirgi. A tsarin da aka bi a ƙarshen yaƙin, ayarorin LCA suna cikin jerin 500, na LCM masu ɗaukar motoci suna cikin 600, na LCVP kuma suna cikin 800, ayarin LCA guda kuma yakan ƙunshi jirage 12. Amurkawa sun sauƙaƙa wa na baya aiki, domin ƙananan jiragensu kan ɗauki lambar babban jirgin da ya ɗauko su, kamar PA26 da ke nufin USS Samuel Chase. Birtaniya ba ta yi haka ba. Ƙari a kan wannan, jirgi ba ya dawwama a ayari ɗaya. In ya lalace a kai shi gyara a kawo wani a madadinsa, bayan ya warke kuma a tura shi inda ake da giɓi. Don haka jirgi ɗaya zai iya zama a ayari biyu ko uku cikin shekara guda, kuma ba za a ce ga ayarinsa ba sai an san watan da aka ɗauki hoton.

Kundin da ke haɗa lambar jirgi da ayari shi ne wanda ake kira Green List, jerin da hedikwatar sojan ruwan Birtaniya ta riƙa fitarwa a kai a kai a lokacin yaƙin, yana nuna inda jiragen sauke dakaru suke da ayarin da suke ciki. Yana ma'adanar kundaye ta ƙasar Birtaniya da ke Kew, a rukunin ADM 210. Tun da lamba ta ƙarshe ce ta ɓuya, jirage goma kacal kake zargi idan ta ukun ta tabbata. Ka rubuta goman, ka bi su ɗaya bayan ɗaya a jerin da aka fitar daga ƙarshen 1944 zuwa 1945, ka ware waɗanda aka tura Indiya. Da wuya su wuce biyu ko uku. Littattafan aikin yau da kullum na rundunonin Royal Marines, wato dakarun sojan ruwan Birtaniya masu yaƙi a ruwa da tudu, suna rukunin ADM 202, rahotannin hare-hare na sojan ruwa suna ADM 199, takardun hedikwatar ayyukan haɗin gwiwa na sojan ruwa da na tudu da na sama kuma suna DEFE 2. Sai dai ka shirya wa cewa ba kowane ƙaramin ayari ne littafinsa ya tsira ba.

Game da HMS Braganza, ba ka same shi cikin jiragen yaƙi ba ne domin ba ya tafiya a kan ruwa. Sansani ne na sojan ruwa a birnin Bombai na Indiya. Al'adar sojan ruwan Birtaniya ce a raɗa wa sansanin tudu sunan jirgi, kuma dole kowane ma'aikaci ya kasance a rubuce a littafin wani jirgi domin albashi da wasiƙu. Ma'aikatan ƙananan jirage ba su da akawu a cikin jirginsu, sai aka riƙa rubuta su a irin waɗannan sansanoni. Wanda ya fi rikita iyalai shi ne HMS Copra, ofishin albashi na ayyukan haɗin gwiwa, wanda za ka ga sunansa a takardar mutumin da bai taɓa taka ƙofarsa ba. Abin da ke bayan hotonka adireshi ne da mutumin ya bayar domin a rubuto masa. PLY/X kuwa lambar aikin sojan Royal Marines ce na reshen Plymouth, kamar yadda PO/X take ta Portsmouth, CH/X kuma ta Chatham. Lambobi shida da suka kama daga 100,001 zuwa sama na waɗanda aka ɗauka domin tsawon yaƙin kaɗai ne.

Malama Mai Adana Hotuna ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni zan tsaya ne a kan takardun hotunan kansu, domin tambayarka ta farko, ɗan'uwa, ta dogara a kan zaton cewa wuri guda aka ɗauke su, kuma zamansu cikin takardun mutum ɗaya bai isa hujja ba. Ka ajiye su gefe da gefe ka gwada girmansu, ka duba ko bakinsu a miƙe yake ko an yanka shi da ƙananan haƙora, ka duba kaurin takardar da launin da ta rine. Sannan ka juya bayansu. Masu wankin hoto kan buga ƙaramar lamba da tambarin roba a bayan duk hotunan da suka fito daga fim ɗaya, to idan lambar ta zo ɗaya a biyun ka samu hujja mai ƙarfi cewa tare aka wanke su. Idan kuwa na farkon yana da tambarin jami'in tace hotuna, ko wata lamba da ta fara da harafin A ko SE, to hoton hukuma ne da aka rarraba kwafinsa, kuma ana iya samun asalinsa da bayanin da aka rubuta masa a gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum da ke Landan. A can harafin A na hotunan sojan ruwa ne, SE kuma na fagen Kudu maso Gabashin Asiya. Akwai kuma gwajin fitila mai hasken UV: takardar hoto da aka yi tun daga shekarun 1950 takan yi ƙyalli mai shuɗi-shuɗi a ƙarƙashinta saboda sinadarin ƙara fari da aka soma sa mata, ta lokacin yaƙi kuwa ba ta yi.

Roƙona gare ka shi ne kada ka goge hoton da komai, kada ka bi rubutun fensirin da biro domin ya fito, kada kuma ka liƙe shi cikin leda mai zafi. Ka yi masa sikanin gaba da baya a kan 1,200 dpi, ka ajiye wannan kwafin yadda yake, ka yi duk wani gyaran haske a kan kwafi na biyu. Ka guji manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu gyara tsofaffin hotuna da sa musu launi. Inda lamba ta dushe ba sa barin ta a dushe, sukan zana wadda suka ga ta yi kama, kuma da zarar ka ga 8 tsaf a inda 3 ce, idonka ba zai ƙara yarda da abin da ke ainihin takardar ba. Na ga hoton da aka yi wa haka ya yaɗu a intanet da sunan jirgin da ba shi ba ne, har masu rubutu suka riƙa kafa hujja da shi.

Tufafi ma suna ba da lokaci. Sojojin Royal Marines waɗanda ba kwamando ba sun koma sa hula mai launin shuɗi mai duhu da jan ƙyalle a bayan bajonta daga 1943, kwamandojinsu kuma koriya suke sawa ba tare da ƙyallen ba. A hoto marar launi duk biyun duhu za su yi, don haka ƙyallen za ka nema, mai kan da ya lanƙwasa ta sama. A wani irin fim na wancan zamani ja kan fito baƙi ƙirin ya fi hular duhu, a wani kuma ya fito toka-toka, amma gefensa kan nuna. Ka duba dantsensu ko akwai bajon ayyukan haɗin gwiwa, wato anga da ƙaramar bindiga mai sarrafa kanta da mikiya, wanda aka soma sawa a 1942. Ka kuma duba saman aljihun hagu. Lambar yabo ta Burma Star a watan Mayun 1945 aka kafa ta, saboda haka duk hoton da ƙyallenta ya fito a ciki ba zai gabaci wannan wata ba.

Jikan Tsohon Soja ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam da Malama, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar da aka ba ni. Girman hotunan ɗaya ne, bakinsu duka a miƙe yake, kuma a bayan kowanne akwai ƙaramar lamba da aka buga da tawada mai ruwan shuni, lambar kuma iri ɗaya ce. Babu tambarin tacewa a ko ɗaya. Bayan sikanin, lamba ta uku ta fito sarai, akwatin matuƙin ma yana nan a gaba ta dama kamar yadda Malam ya faɗa. Uku daga cikin Turawan suna da ƙyallen a bayan bajon hularsu, na huɗun kansa ya juya ba a gani. Babu ƙyallen lambar yabo a ƙirjin kowa. Ke nan zan iya rubutawa a ƙasan hoton cewa a Kangaw, da ke gaɓar Arakan a yammacin Bama, aka ɗauke shi a watan Janairun 1945? Na karanta cewa an sauke dakaru a can ta cikin irin wannan rafi.

Ɗalibin Tarihin Arakan ya amsa:

Ɗan'uwa, ina ba ka shawara ka dakata da rubuta Kangaw, ga kuma dalilina. Tambarin da ka gani a dantsen sojan, na layi biyu da zobe, māsu biyu ne da suka gitta a kan gammo, kuma shi ne tambarin Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma. Ta 81 gizo-gizo ne baƙi a kan rawaya. Wannan ya tabbatar maka da rundunar, ya kuma sa hoton cikin lokacin da take gaɓar Arakan, domin a watan Disambar 1944 ta shiga faɗa a can, ba ta kuma koma gida ba sai 1946. Amma saukar da aka yi a Kangaw ranar 22 ga Janairun 1945 ta Birged ta 3 ta Kwamando ce, wadda ta bi ta rafin Daingbon, sannan dakarun Runduna ta 25 ta Indiya suka mara mata baya. A waɗannan kwanaki Runduna ta 82 tana tudu, tana gangarowa daga arewa ta wajen Myohaung tana koro Japanawa, manufar saukar Kangaw ɗin ma ita ce a datse musu hanyar tsira. Saboda haka hoton sojojin 82 suna hawa jirgi cikin natsuwa da kaya a ka bai yi kama da ranar harin ba.

Sauka ta ruwa a wannan gaɓa ba ɗaya ba ce. An sauka a Akyab ranar 3 ga Janairu, Myebon ranar 12, tsibirin Ramree ranar 21, sai Ruywa a watan Fabrairu, Letpan kuma a watan Maris. Tsakanin waɗannan akwai zirga-zirgar yau da kullum da ba ta da suna a littattafai, ta kai abinci da harsasai da alfadarai, da kwaso masu rauni, da ƙetarar da bataliya daga wannan gaɓa zuwa waccan, domin ƙasar duk rafuka ce masu cika da janyewa tare da teku, hanyar mota kuma ba ta da yawa. A ganina hotonka ya fi kama da irin wannan aiki, kuma hakan bai rage masa daraja ba, don kuwa hotunan da ke nuna sojojin Afirka ta Yamma a cikin waɗannan jirage ba su da yawa.

Ina kuma da ɗan saɓani da tsarin da Malam Mai Binciken Kundaye ya shimfiɗa, ba a kan ingancinsa ba, a kan inda ya kamata a fara. Da ni ne, daga kakanku zan soma, ba daga jirgin ba. Takardar sallamarsa daga soja za ta nuna bataliyarsa. Birged ta 1 da ta 4 na rundunar bataliyoyin Najeriya ne, ta 2 kuma na Gold Coast, wato Gana ta yau. Littattafan aikin yau da kullum na rundunonin tudu da suka yi yaƙi a wannan fage suna Kew a rukunin WO 172, kuma a cikinsu akan rubuta ranar da bataliya ta shiga jirgi, da wurin, wani lokaci har da irin jiragen da aka ba ta. Idan ka samu ranakun da bataliyarsa ta hau ruwa, ka san fitowar Green List da za ka buɗe ke nan. Akwai kuma abin lura guda: kaso mai yawa na ƙananan jiragen da suka yi aiki a Arakan sojojin ruwan Indiya ne ke tuƙa su, saboda haka sai ka duba ko ana ganin ma'aikatan jirgin a hoto na farko kafin ka ɗora wa Turawan nan huɗu shi.

Mai Binciken Kundaye ya ƙara da cewa:

Na yarda da wannan jeri, a fara da bataliyar. Lambar wanki iri ɗaya ta nuna fim ɗaya ne, amma fim ɗaya kan iya ɗaukar watanni a cikin kyamara, don haka har yanzu ba a ɗaure mutanen huɗu da wannan jirgi ba. Abin da zai ɗaure su shi ne takardar aikin mai lambar PLY/X, wadda ake nema daga Ma'aikatar Tsaron Birtaniya, kuma sukan buƙaci shaidar rasuwar mutumin. Kafin nan ka sa lambarsa a shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth, wanda kyauta ne, domin idan ya rasu a bakin aiki za a iya samun jirginsa ko ayarinsa a rubuce a can. Gidan tarihin sojan ruwa na ƙasa da ke Portsmouth, wanda ke riƙe da kayan tarihin Royal Marines, shi ma yana karɓar tambayoyi, kuma tsofaffin fitowar mujallar rundunar, The Globe and Laurel, kan ɗauki labaran ayarori. A yanzu abin da za ka iya rubutawa a takarda daban, ba a jikin hoton ba, shi ne: jirgin LCA, sojojin Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, mai yiwuwa gaɓar Arakan, tsakanin Disambar 1944 da 1946. Ka turo mana lambobi ukun da suka fito da kuma bataliyar kakanku, mu tsara maka jerin kundayen da za ka nemi a kwafo maka daga Kew.